Ƙanina na son aikin gidan zu, wace makaranta zai nema?

Maman Ilham: Salamu alaikum 'yan zaure, dan Allah shawara nake nema. Ƙanina ya gama sakandare bana, ya kafe shi dai aikin kula da namun daji yake so irin na gidan zu, an yi an yi ya canza ra'ayi ya ƙi. Me ake karantawa ne a shiga aikin?

Baban Sadiq: Wa'alaikumus salam Hajiya. Ai kuna Jos, abin nema na bakin ƙofa. Akwai kwalejin tarayya ta koyon lafiyar dabbobi a Vom, maƙwabciyar cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke can tun 1924. Shekara 2 ya samu difloma, in ya so daga baya ya ƙara 2 ya yi babbar difloma, wato HND. Amma a duba sakamakonsa tukuna, kiredit 5 ake so kuma dole da Turanci da lissafi da bayoloji (ko ilimin noma) da kemistiri a ciki.

Malama Rahila: In yana da maki mai kyau a JAMB ni Jami'ar Jos zan ce, sashen nazarin dabbobi, shekara 4 ne. Likitan dabbobi kuwa 6, kuma wannan wani layi ne daban, likita zuwa yake ya duba ya tafi, mai kula shi ke tare da dabbar kullum.

Kawu Ɗanladi: Duk gaskiya kuka faɗa amma namun daji zalla sai New Bussa a jihar Neja, can kwalejin tarayya ta kula da namun daji take, kusa da gandun Kainji. Sai dai Hajiya ki faɗa masa tun yanzu aikin nan shara ne da kwashe kashi da wanke kwamin ruwa da yanka nama tun da sassafe, ba Sallah ba Kirsimeti don ranar ma aka fi cika, kuma albashin ba wani mai kauri ba ne. Mai kula na ƙwarai daga ragowar abincin jiya yake gane biri ba shi da lafiya, ya rubuta a littafi ya kira likita kafin abu ya yi nisa. Wannan idon sai an zauna da dabba ake samunsa.

Maman Ilham: Kawu ni zakin ne ke tsorata ni wallahi

Kawu Ɗanladi: Tsoronki na kan hanya 'yata. A 2024 zaki ya kashe ma'aikacin gidan zu na jami'ar Ile-Ife, mutumin da ya shekara da shekaru yana ba su abinci. Ƙa'idar ita ce ba ka shiga keji sai an kora dabbar ɗaya ɗakin an ja ƙofa an sa kwaɗo, ka kuma taɓa kwaɗon da hannunka. Yaro mai garaje ko mai yawan danna waya kar ma ya fara.

Baban Sadiq: A sa shi ya yi allurar tetanus da ta haukan kare kuma kafin ya soma taɓa dabbobi.

Malama Rahila: Kafin a sayi fom ya je Wildlife Park da ke hanyar Miango, tun 1972 wurin yake, ko gidan zu na kusa da gidan tarihi, ya gaida ma'aikata ya roƙi a bar shi ya ga aikin safe. In ya samu makaranta ma can zai nemi yin IT, wato horon aiki da ake tura ɗalibai, don lokacin ɗaukar aiki wanda aka san hannunsa ake fara tunawa.

Maman Ilham: Allah ya saka da alheri. Yanzu na duba takardar, kemistirin ne D7, sai ya sake zama kenan?

Baban Sadiq: Eh sai ya sake, ya yi rajistar GCE ya cike, ana karɓar zama biyu a difloma.