Naira Hamsin Ɗin Kawu

Mai Keken Hannu, daga Gujungu:
Jama'a, ga abin da ya same ni ran Alhamis.

Na wanke kekena, na sa shadda sabuwa,
Na murza da hannu har ƙauyensu, ba hutawa.
Na aiki yaro ya ce ana sallama da budurwa,
Sai ga kawunta ya fito, carbi yana kaɗawa.
Ƙafafuna ya duba, fuskata ba ya dubawa,
Ya miƙo naira hamsin: "Ungo, bawan Allah, yi gaba kafin ruwa."
Ni da duk Lahadi wayoyin kasuwa nake gyarawa!

Tela 'Yar Wudil:
Yayana, kai ko banza ka je ƙofar gida da rana.
Nawa saurayin a waya yake so, sai dare in an yi kwana.
Ran da ya gan ni da sanda a bikin ƙanwar babana,
Sai ya sunkuyar da kai, kamar na biyo shi bashina.
Shan inna ce, 2003, Kano ta tsai da rigakafi ina goye a bayan mamana,
Ta ɗauke ƙafa ɗaya, ta bar min kai da keken ɗinkina.
Mai kunyar sandata, ba shi ba tabarmar zancena.

Dattijo daga Ɗambatta:
Ɗana, kar ka ƙullaci kawu, bai yi da mugunta ba,
Ya saba ganin gurgu ne da ƙoƙon bara a gaba.
Tura manya da goro, aure ba a nemansa da gaba.
Ko ka nemi irinka, ku rufa wa juna asiri, bai fi ba?

Tela 'Yar Wudil:
Baba, Allah ya ja kwana, "irinka" ɗin nan bai min ba.
In na auri gurgu so ne, ba don mai ƙafa ya ƙi ba.
Dokar hana nuna mana bambanci tun 2019 aka sa hannu, ƙauye ne bai ji ba.

Mai Keken Hannu:
Baba, goron na saya, Juma'a baffana ke zuwa.
Hamsin ɗin na adana, ita ce saman kuɗin gaisuwa,
Kawu ya gane abarsa in an zo rabawa.
Ita kuwa ta aiko ƙaninta: gobe in zo kafin duhuwa,
Yashin ƙofar gidansu ke cin taya, ta ce ita ce mai turawa.