Neman shawara: sa wa ƙaramar mota sikiyoriti irin na kamfani

Mai Yaris, Kubwa: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da Toyota Yaris ta 2008, 'yar Beljiyam. Rimot ɗin mukullinta yana kulle ƙofofi yana buɗewa, amma ba ta da jiniya, ko an ɓalle ƙofa shiru za ka ji. A bakin titi take kwana. So nake a sa mata sikiyoriti irin wanda kamfani ke sawa, in danna rimot ɗina na asali ya kama aiki, ba sai na rataya na biyu ba. Wani ya ce in je Zuba in sayo kayan daga jikin wata Yaris da aka yanka a dasa mini, wani ya ce in sa na kwali kawai. Wanne ya fi, kuma me zan lura da shi kar a jagwalgwala mini waya?

Rewaya, Apo: Wa alaikumus salam. Malam, fara da raba abu biyu. Akwai na'urar da ke hana inji tashi in ba da mukullinsa ba, akwai kuma jiniya mai kururuwa. Ta farkon kusan tabbas kana da ita, domin tun 1998 doka ta wajabta ta a sababbin motocin Turai. Jiniyar ce babu.

Maganar dasa kayan yanka, ban ba ka shawara ba. Sikiyoritin kamfani a warwatse yake cikin mota. Umarninsa na fitowa daga kwamfutar da ke kula da ƙofofi da fitilu, sai jiniya, sai makunnin boneti, wani lokaci da na'urar jin motsi a cikin mota. Idan motarka ba ta fito da shi ba, sau da yawa wayoyin ma babu su a cikin damin, za ka ga soket da ramuka fayau. Ko ka samu kayan, sai an sa kwamfuta an gabatar da su ga motar. Ga kuma tarkon da ke kama mutane a Zuba: rimot ɗin motocin Turai kan yi aiki a 433 MHz, na Amurka a 315 MHz. Ka sayo na'urar karɓar sigina daga 'yar Amurka, rimot ɗinka ba zai taɓa magana da ita ba.

Akwai na kwali da ba ya zuwa da rimot nasa, an yi shi ne don ya bi na asali. Shi za ka nema, ka faɗa wa mai shago haka ƙarara.

Injiniya, Gwarinpa: Oga Rewaya ya faɗi gaskiya. Bari in ƙara yadda ake haɗa shi, domin a nan aikin yake gyaruwa ko ya ɓaci. Akwatin irin wannan sikiyoriti yana sauraron waya biyu na na'urar da ke kulle ƙofa, ta kullewa da ta buɗewa, sannan yana sauraron tirafiketo. Sai ya ga ƙofa ta buɗu kuma fitilu sun ƙifta a tare kafin ya yarda rimot ne ya buɗe. Masu gaggawa sukan bar wayar tirafiketon ba su jona ba. Sakamakon shi ne ɓarawo ya fasa gilas, ya danna maɓallin buɗewa na ciki, sikiyoritin ya kashe kansa. Ka tsaya a kan wannan wayar sai ka ga an jona ta.

Wutar da ba ta yankewa a ɗauko ta da fiyus nata, amfiya 10 zuwa 15 gwargwadon abin da takardar kwalin ta ce, fiyus ɗin kuma dab da inda aka ɗauko wutar. Nagetif a ɗaure shi da noti a jikin ƙarfen mota bayan an kankare fenti.

Makunnan ƙofar Toyota nagetif suke bayarwa idan an buɗe ƙofa. In kowace ƙofa da wayarta, kada a murɗe su wuri ɗaya, kwamfutar motar za ta rikice ta riƙa nuna ƙofa a buɗe. Kowace waya a sa mata dayod 1N4007, wato ɗan abin da ke barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai, gefen da ke da zobe yana fuskantar wayar ƙofar, ɗayan gefen ya tafi akwatin. Kada kuma a ɗauki sigina daga fitilar rufi, domin takan jinkirta kafin ta mutu, akwatin ya ɗauka ƙofa a buɗe take. Tirafiketo kuwa, in akwatin waya ɗaya ya fitar, a raba ta hagu da dama da dayod mai amfiya 6 guda biyu. Ƙwan fitila biyu masu wat 21 suna jan kusan amfiya 3.5, ƙaramin dayod mai amfiya 1 ƙonewa zai yi.

Rewaya, Apo: Ƙari kaɗan. Duk soket ko waya mai ruwan ɗorawa a ƙarƙashin sitiyari na jakar iska ne, kada kowa ya kai masa hannu. Kada a yi gwaji da fitilar kwai, da mita za a yi. In ka ga waya biyu sirara an murɗe su tare, layin da kwamfutocin motar ke magana ne, ba a yanka shi. A cire kan nagetif na batir, a jira aƙalla daƙiƙa 90 kafin a fara. Kowane haɗi a like shi da dalma a rufe da robar da ke tsukewa da zafi. Salatif kaɗai, zafin Abuja na watan Maris zai saki gam ɗinsa.

Mai Yaris, Kubwa: Allah ya saka da alheri. To batir fa? Nakan bar motar kwanaki ban tayar ba. Kuma wani ya ce a haɗa yadda sikiyoritin zai riƙa yanke wa famfon mai wuta.

Injiniya, Gwarinpa: Lissafin a fili yake. Batirin ƙaramar mota bai cika wuce 45Ah ba (Ah shi ne ma'aunin wutar da batir ke ajiyewa). Mota lafiyayya da ta yi barci, har da sikiyoriti, bai kamata ta ja fiye da 50mA ba, wato 1.2Ah a kwana. In haɗin ya ɓaci tana jan 200mA, 4.8Ah ke nan kullum, cikin kwana biyar rabin batir ya tafi, kik ya ƙi juyawa. A gwada kafin a sa akwatin da kuma bayan an sa: mita a kan amfiya 10, tsakanin kan nagetif da wayarsa, a kulle mota, a jira minti 20 zuwa 30 ta yi barci, sannan a karanta. Kada a murza mukulli mita na jone.

Famfon mai, ina roƙonka kada ka yarda. Ranar da rilen, wato makunnin da ke yanke masa wuta, ya saki kana tsakiyar titin Kubwa da gudu, inji zai mutu, birki ya yi tauri, da iyalinka a ciki. In dole sai an yanke wani abu, a yanke siririyar wayar kik da rile mai ƙafa biyar, ta ƙafa 30 da 87a. A haka ko akwatin ya mutu motar za ta tashi, kuma babu abin da zai kashe ta tana tafiya.

Mai kayan wuta, Gudu: Alhaji, ka sayi jiniya mai batir a cikinta, ko an cire kan batirin mota za ta ci gaba da ihu. A ɗaure ta nesa da salansa, bakinta na kallon ƙasa don kada ruwan wankin inji ya taru a ciki. Makunnin boneti shi ne kan gaba wajen tayar da unguwa da tsakar dare: tsatsa ta kama shi da damina, ko a sa shi a hanyar ruwa. A shafa masa giris, a tabbata boneti na danne shi sosai. Na'urar jin bugu kuma kada a murɗa ta ƙarshe, tsawa ko tirela in ta wuce za ta tayar da ita. Bugun tafin hannu a gilas ya sa ta ɗan yi gargaɗi, bugu mai ƙarfi ne zai sa ta kururuwa.

Rewaya, Apo: Kafin ka biya kuɗin aiki, sauke gilas ɗaya, kulle da rimot, jira minti ɗaya, zura hannu ka buɗe daga ciki. Dole ta yi ihu. Maimaita a kowace ƙofa, da but, da boneti. Sannan danna maɓallin buɗewa na ciki ka tabbatar bai kashe ta ba. Ka sa a nuna maka inda aka ɓoye akwatin, da fiyus ɗinsa, da maɓallin kashewa na gaggawa. Akwatin ya kasance can cikin dashbod ta bayan akwatin ajiya, domin ƙarƙashin sitiyari nan ɓarawo ke fara laluba.