Wai da gaske an taɓa yin unguwar karuwai a Tehran?

Ɗan Fagge: Salam jama'a. Jiya a majalisa wani yake cewa wai zamanin Shah akwai unguwa sukutum ta mata masu zaman kansu a Tehran kuma hukuma ta san da zamanta, ni dai na musa masa, Iran fa? Don Allah wanda ya sani ya warware mana.

Mai Karatun Dare: Wa'alaikumussalam, gaskiya ya faɗa maka malam. Sunanta Shahr-e No, wato Sabon Gari da Farisanci, tana kudancin birnin wajen Ƙofar Qazvin. Tun shekarun 1920 aka fara tattara matan a can, sai bayan juyin mulkin 1953 da aka kifar da firaminista Mossadegh gwamnatin Janar Zahedi ta zagaye wajen da katangar bulo, shi ya sa ake ce mata Qal'eh, kamar ka ce ganuwa. A shekarun 1970 mata kusan 1,500 ne a ciki, ga magajiyoyi ga kawalai ga shaguna har da asibitin duba su.

Maman Ilham: Ni hotunan unguwar na Kaveh Golestan, wani mai ɗaukar hoto ɗan Iran, su ne suka hana ni barci wallahi, ya ɗauke su tsakanin 1975 da 1977. Za ka ga mace zaune bakin gado a ɗan ƙuntataccen ɗaki, bango duk ya ɗaye an lilliƙa hotuna, ta zuba wa kyamara ido ba fara'a ba komai, wata ma ta rufe fuskarta. Da yawansu daga ƙauye aka yaudaro su, bashin magajiya ya ɗaure su ba halin fita, wasu kuma a ciki suka haihu yaran suka tashi nan.

Ɗan Fagge: Innalillahi. To yanzu tana nan?

Mai Karatun Dare: Ina! Ƙarshen Janairun 1979, kwana kaɗan kafin Khomeini ya dawo daga Faransa, gungun mutane suka cinna mata wuta har aka rasa rayuka. A Yulin shekarar, bayan juyin juya hali, aka yanke wa mata uku hukuncin kisa aka harbe su, ciki har da Pari Bolandeh, wata sananniyar magajiya ta unguwar, daga baya buldoza ta baje komai. Yanzu filin shaƙatawa ne, Razi Park, har da tafki.

Maman Ilham: Abin da ke ci min rai kenan yayana, katanga an yi wa matan, wuta su ta ci, amma mazan da ke layi a ƙofa da kuɗinsu a hannu kowa ya koma gidansa ya kwanta. Allah Ya jiƙan waɗanda suka ƙone a ciki.