Ƙa'idojin da kamfani ke liƙawa a bango, suna aiki kuwa?

Sabon ma'aikaci: Jama'a, wata uku ke nan ina aiki a wani kamfanin ƙasar waje a Legas. Bango cike da "gaskiya" da "mutunta juna", amma ogana ko gaisuwa ba ya amsawa. Wai wannan rubutun yana ƙara wa mutum himma?

Tsohon injiniya: Ƙanena, sai in manya sun bi. A masana'antar Toyota, ƙaramin ma'aikaci in ya hango matsala yakan ja igiya, shugabansa ya rugo. In ba a gyara ba, layin haɗa motocin ya tsaya, ba mai hukunta shi. Shi ya sa kowa ke sa ido.

Maman biyu: Tabɗi! A wajenmu ka ja igiya, kai za a ja waje.

Sabon ma'aikaci: To yaya, ni wace igiyar zan ja?