Guppy ɗina sun haihu amma 'ya'yan ba su kwana ba, manyan kuma suna haki a saman ruwa

Ɗan Birni:

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da zafi. Ina neman shawarar waɗanda suka san kiwon kifin ado a gida. Nan Damagaram nake. Akwatin gilashi gare ni, tsawonsa santimita 60, faɗi 30, zurfi 35. Mako uku ke nan da na zuba kifi, duka rana ɗaya: guppy bakwai (maza huɗu, mata uku) da goldfish biyu, daga Kano aka kawo mini su. Akwai ƙaramar matata mai soso a ciki. Ruwan pompo nake sawa. Duk Juma'a nakan kwashe kifin, in zubar da ruwan gaba ɗaya, in wanke tsakuwar da soson tas a bakin pompo.

Matsala biyu ce. Da la'asar, musamman in an ɗauke wuta, kifin duk sai su taso saman ruwa suna buɗe baki, guppy biyu ma sun mutu. Sannan mace ɗaya ta haihu da dare, na ga 'ya'ya sun fi goma, gari na wayewa ko ɗaya babu. Me ya kamata in gyara? Allah ya saka da alheri.

Malam na Zango:

Wa alaikumus salam. Sannu ƙanena, Allah ya mayar da alheri. Ka ajiye maganar haihuwa tukuna, ruwan za a fara gyarawa, kuma wankin nan na ranar Juma'a shi ne babban abin da ke cutar da kifin.

Kifi yana fitar da amoniya ta kunnuwansa da yake numfashi da su, kashinsa da ragowar abinci ma in sun ruɓe amoniya suke zama. Guba ce. Abin da ke kawar da ita wasu bakteriya ne masu amfani da ke zama a jikin soson matata da tsakuwa. Kashi na farko suna mayar da amoniya nitirit, wadda ita ma guba ce, kashi na biyu kuma su mayar da nitirit nitirat, wadda kifi ke iya jure wa har a canza ruwa. Kafin waɗannan bakteriya su kafu a sabon akwati sai an yi mako huɗu zuwa shida. Ruwan pompo kuwa da kulorin a ciki, aikinsa ke nan kashe ƙwayoyin cuta, ba ya tantance mai amfani da mai cutarwa. Duk ranar da ka wanke soson a bakin pompo, ka mayar da akwatin ranarsa ta farko.

A sabon akwati, wajen mako na uku nitirit ce takan fi yawa. Tana shiga jinin kifi ta hana shi ɗaukar oksijin, shi ya sa za ka ga yana haki ko da iska na cikin ruwan. Duba kunnen kifin da ya mutu: in launin ya koma ruwan ƙasa a maimakon ja, ita ce. Zafin Afrilu da Mayu ya zo ya ƙara. Ruwa mai digiri 25 yana riƙe kusan miligiram 8 na oksijin a kowace lita, a digiri 35 da ƙyar yake kai 7, ga shi kuma jikin kifi ya fi bukatar iska in ruwa ya yi ɗumi. Amoniya ma dafinta yana ƙaruwa da zafi.

Yau ɗin nan ka raba goldfish da guppy. Lissafin akwatinka 60 sau 30 sau 35 a raba da 1000, lita 63 ke nan, in an cire tsakuwa da sararin sama bai wuce 55 ba. Goldfish kifin ruwan sanyi ne, ya fi jin daɗi tsakanin digiri 18 da 23, yana girma ya wuce tafin hannu, kashinsa kuma ya ninka na guppy nesa ba kusa ba. Ka sa su a babbar roba mai lita 80 zuwa 100 a wuri mafi sanyi a gidan, da nasu injin iska mai hura kumfa cikin ruwa. A gaskiya ban ga dalilin da zai sa mai farawa a garin nan ya ɗauko goldfish ba.

Sai canjin ruwa. Ka tara ruwan pompo a buɗaɗɗen bokiti ya yi kwana biyu, kulorin zai fita da kansa. In kana da maganin kashe kulorin na masu sayar da kifi, nan take ma ya yi. Kowace rana ka zuƙe lita 15 da tiyo daga ƙasan akwatin, inda datti ke kwanciya, ka mayar da wanda ya kwana a hankali, kifin suna ciki, kada ka kama su. Ka yi haka kwana goma, sannan ka koma lita 15 sau ɗaya a mako. Soson kuwa sai ya toshe za ka taɓa shi, ka matse shi sau biyu ko uku cikin ruwan da ka zuƙo daga akwatin, ka mayar. Sabulu ko omo kada su kusanci komai na kifi. In a wurin 'yan garuwa kake sayen ruwa, ka tabbata jarkar ba ta taɓa ɗaukar fetur ba. Ka zuba gishiri giram ɗaya a kowace lita, yana rage shigar nitirit cikin jini. Abinci sau ɗaya a rana, abin da za su cinye cikin minti ɗaya.

Maganar wuta: ka nemi ƙaramin injin iska mai aiki da USB, wat ɗaya kawai yake ci, batirin cajin waya mai 10,000 mAh zai riƙe shi wajen kwana ɗaya. Ka gwada tukuna, don wasu batiran suna kashe kansu in abin da aka jona bai ja wuta sosai ba. Injin ya zauna sama da bakin ruwa, in ba haka ba wuta na ɗaukewa ruwa zai biyo tiyo ya shige shi. In babu komai a hannu, ka ɗebo ruwan da kofi ka kwarara shi daga sama sau goma, duk rabin awa. Ranar da wuta ta daɗe ba ta dawo ba, kada ka ba su abinci ko kaɗan. Kifi lafiyayye ba ya mutuwa don yunwar kwana biyu.

Hajiya ta Sabon Gari:

Malam ya gama magana a kan ruwa, Allah ya ƙara basira. Ɗana, 'ya'yan cinye su aka yi. Goldfish ba ya barin abin da zai shiga bakinsa, guppy ma haka, har uwar da ta haife su. Matatar da ke zuƙo ruwa da ƙarfi ita ma tana janye su, don ranar haihuwa tsawonsu wajen milimita 6 ne kawai.

Kada ka damu, wasu na tafe. Guppy ba ƙwai take zubarwa ba, 'ya'ya take haifa masu iyo, cikinta kwana 21 zuwa 30, galibi wajen 28. Tana kuma ajiye maniyyin namiji a jikinta, barbara ɗaya ta ishe ta haihuwa sau da dama ko da babu namiji. Ka rubuta ranar da ta haihu, ka ƙirga kwana 23, daga nan ka sa mata ido. Baƙin tabon da ke ƙasan cikinta kusa da wutsiya zai ƙara girma ya yi duhu, cikin zai bar zagaye ya yi kusurwa ta gaba, za ta ware gefe ɗaya ta rage cin abinci.

In ka ga haka, ka mayar da ita roba mai lita 15 zuwa 20, da ruwan akwatin nan nata don kada ta ji bambanci. Ka ɗebe ta da kofi tare da ruwa, kada ka kama ta da raga. Ka samu sabon soson wanka na raga wanda bai taɓa sabulu ba, ka warware shi, ka jiƙa a ruwan zafi, ka cika rabin robar da shi; 'ya'yan za su shige ramukan, uwar ba za ta iya bin su ba. Ƙananan kejin roba da ake rataya wa cikin akwati ban cika son su ba, sun yi ƙunci, mace takan firgita ta zubar da cikin kafin lokaci. Haihuwar awoyi kaɗan ce. Da cikin ya sauka ka fitar da ita. Ƙaramar mace takan ba da goma ko ƙasa, babba 30 zuwa 50.

Abincinsu shi ne inda ake yawan asara. Ka murje abincin manyan tsakanin yatsu ya zama gari, ka ba su kaɗan-kaɗan sau uku ko huɗu a rana. Gwaiduwar dafaffen ƙwai tana sa su girma da sauri, amma abin da kan tsinken ashana zai ɗauko ya isa 'ya'ya 30, a dama shi da ɗigon ruwa, sau ɗaya a rana. In ka wuce haka ruwan zai yi fari ya yi wari kafin dare, su mutu gaba ɗaya. Kullum ka zuƙe dattin ƙasan robar da siririn tiyon iska, ka canza lita 2 ko 3.

Wajen mako huɗu za ka fara gane su. Fiffiken ƙasan cikin namiji zai tsuke ya yi tsini, na mace zai zauna a buɗe, ga tabon nan nata. Ka raba su a lokacin, don suna kai wata biyu zuwa uku sun fara barbara, wa da ƙanwa, kuma in aka daɗe a haka sai launi ya dushe, a fara samun masu karkataccen baya. Lokaci-lokaci a shigo da namiji daga wani wuri. Adadin naka ma a juye yake: namiji ɗaya ake ba mata biyu ko uku. In maza sun fi yawa ba sa barin mace ta huta, sai ta rame.

Ɗan Birni:

Na gode Malam, na gode Hajiya, Allah ya bar zumunci. Na raba goldfish ɗin. Ma'aunin zafi ya nuna 33 da ƙarfe huɗu. In jefa ƙanƙara? Kuma gishirin kantu zai yi? An ce mini in ɗebo kainuwa daga tafki in sa.

Mai Gilashi, Tudun Jamus:

Abokina, kada ka jefa ƙanƙara kai tsaye. Da ruwan pompo aka yi ta, kuma saukar zafi farat ɗaya ta fi zafin kansa illa. Guppy ya fi son 24 zuwa 28, yana iya jure 30 da ɗan wani abu in iska ta wadata. Ka buɗe murfin, ka rufe da ragar sauro don kada su yi tsalle, ka saita ƙaramar fanka tana hura saman ruwan. Busasshiyar iskar garin nan tana taimakawa, za ka samu sauƙin digiri 2 zuwa 4. Ruwa zai ƙafe, lita ɗaya ko biyu a rana, sai ka cika da wanda ya kwana. Wannan cikon ba ya maye gurbin canji, domin ruwa zalla ne ke tashi, datti da gishiri suna nan. Fitilar akwatin a kashe ta da rana, a kuma janye shi daga taga da bangon da rana ke duka da yamma. In dole sai ƙanƙara, ƙaramar gora rufaffiya ta rabin lita za ka sa ta yi iyo, kana duba ma'auni, kada saukar ta wuce digiri ɗaya ko biyu a awa.

Kantu a bar wa dabbobi. Akwai kanwa da ƙasa a cikinsa, kanwa kuma tana ɗaga pH, wato ma'aunin tsami ko kanwar ruwa, amoniya ta ƙara dafi. Farin gishiri tsabtatacce za ka nema. A nan ina da ɗan bambanci da Malam, tare da girmamawa: giram ɗaya a lita ba zai cutar da guppy ba, amma kainuwa ba ta son gishiri, za ta yi rawaya ta narke. Don maganin nitirit, cokalin shayi uku ga akwatin duka sun wadatar. A narka a kofi kafin a zuba, kuma in ka zuƙe lita 15 ka mayar da kusan cokali ɗaya kawai.

Kainuwar kanta shawara ce mai kyau. Saiwoyinta maɓoya ce ga 'ya'ya, tana shan amoniya da nitirat, tana yin inuwa. Sai dai ta tafki ba a sa ta kai tsaye. Tana zuwa da matsattsaku, da tsutsar mazari mai cin 'ya'yan kifi, da ƙananan katantanwa irin masu ɗauke da tsargiya, don haka da sanda ko da safar roba za ka ɗebo, kada ka shiga ruwan. Ka yanke ruɓaɓɓun ganye, ka ɗauraye, ka ajiye ta a bokiti daban mako biyu kana canza ruwa kana dubawa. Kada ta rufe fiye da rabin saman akwatin, domin da dare ita ma oksijin take sha, kuma ta saman ruwa iska ke shiga.

Abu ɗaya da ba a ambata ba: maganin sauro. Na feshi, da na hayaƙi, da piya-piya, duka suna kashe kifi ko da ɗan kaɗan ne, injin iska kuma shi ke zuƙo su ya tura cikin ruwa. Kafin a fesa a kashe injin, a lulluɓe akwatin da jiƙaƙƙen zane, sai an buɗe tagogi warin ya fita a kunna. Gara ma akwatin ya bar ɗakin kwana.

Ka kuma shirya wa hunturu tun yanzu. A Disamba da Janairu ruwan ɗaki yakan sauka ƙasa da 20 da asuba, lokacin ne farin ɗigo irin na gishiri ke fitowa a jikin kifi. Hita mai wat 50 da ke kashe kanta, a saita ta a 25, ta ishi akwatinka. A cire ta daga wuta kafin kowane canjin ruwa, don in ta fito sarari da zafinta gilashin jikinta fashewa yake yi.