Mene ne iaStorAC.sys? Direba ne ko bairos?

Sabon_Shiga:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah masana a taimaka, laftop ɗina ce ta tsiro da kawo shuɗin allon nan ina cikin aiki sai ta mutu ta sake tashi, a ƙasa kuma sai ta rubuta iaStorAC.sys. Na bi sawu na gan shi a C:\Windows\System32\drivers, ni dai ban san na saka wani abu mai wannan sunan ba. Wani abokina ya ce bairos ne in goge shi kawai in huta, shi ne na ce bari in ji ta bakinku tukuna. Windows 10 ce a kai.

Mai_Gyara:
Wa alaikumus salam. Kul malam, kar ka goge! Direban Intel ne, na manhajarsu ta Rapid Storage Technology, shi ke shiga tsakanin Windows da had dis ko SSD ɗinka, tare da laftop ɗin yake zuwa shi ya sa ba ka san da shi ba. Yana da 'yan uwa ma, su iaStorA.sys da iaStorVD.sys. In ka cire shi Windows ba za ta ga dis ɗin da ita kanta take zaune a kai ba, sai dai ka ga INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE, daga nan kuma aiki ya dawo sabo. Abokin nan naka dai a bar shi da nasa fannin.

Ummu_Tek:
Gaskiya ne, amma suna kaɗai ba hujja ba ne fa, kowa zai iya raɗa wa fayil sunan da ya ga dama. Kai, ko zamansa a foldar drivers ma bai wanke shi gaba ɗaya ba. Akwai wata muguwar manhaja Alureon, wasu na ce mata TDSS, da take shigewa cikin ainihin direbobin dis irin su atapi.sys ta laɓe, a watan Fabrairun 2010 da Microsoft ta fitar da wani gyara sai kwamfutocin da ke ɗauke da ita suka dinga faɗawa shuɗin allo, mutane na ta zagin gyaran alhali ɓarawon na cikin gida tun tuni. Yanzu abin ya yi wuya saboda Windows mai 64-bit ba ta loda direban da ba shi da sa hannu, amma dubawa ba ta cin lokaci. Danna dama a kan fayil ɗin, Properties, Digital Signatures, ya kamata ka ga Intel ko Microsoft kuma a ce sa hannun lafiya lau yake. Sannan ka ɗora shi a shafin intanet na VirusTotal, antibairos sama da 60 za su duba maka shi a lokaci guda.

Mai_Gyara:
Haka ne hajiya. Ƙari ɗaya, wasu direbobin Microsoft za ka buɗe ka ga babu shafin Digital Signatures ɗin, kar hankali ya tashi, sa hannunsu a wani fayil daban yake. Manhajar Sigcheck, ɗaya daga cikin kayan aikin Sysinternals na Microsoft, za ta nuna maka.

Sabon_Shiga:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Na duba, sa hannu na nan, VirusTotal ma babu ko ɗaya da ya kama shi. To amma me ya sa take ta mutuwa kenan?

Ummu_Tek:
Ko direban ya tsufa, ko kuma dis ɗin ne ya fara gajiya shi direban ake ɗora wa laifi don shi ne a bakin ƙofa. Kafin komai kwashe muhimman fayilolinka zuwa wani wuri yau ɗin nan. Sai ka duba lafiyar dis da manhajar CrystalDiskInfo, in ta nuna Caution to ka fara neman sabo. In Good ne, je shafin kamfanin da ya ƙera laftop ɗinka ka sauke sabon direban da lambar samfurinta, ban da shafukan nan masu cewa sauke iaStorAC.sys kyauta. Kuma kar ka shiga BIOS, wato saitin kwamfuta na kafin Windows ta tashi, ka juya yanayin aikin dis daga RAID zuwa AHCI haka kawai, wannan ma zai hana Windows tashi.