Kifin katakon da na sassaƙa yana kwanciya a gefe

Salamu alaikum masu fatsa, don Allah a taimaka. Na sassaƙa kifin yaudara, wato ɗan kifin ƙarya da ake ɗaura wa zaren fatsa don jawo kifi, da icen balsa (wani ice mara nauyi), tsawonsa santimita 8, na saka dalma a cikinsa, na manna leɓen roba ƙarƙashin baki. Kafin fenti na gwada shi a bokiti, ya tsaya daidai. Amma da na shafa efoksi (wani ruwan gam da ake shafawa a kan fenti don hana ruwa shiga) sau biyu ya bushe, sai ya riƙa kwanciya hagu, in na ja zare ya yi ta juyi kamar farfela. Na lanƙwasa zoben hancin da ake ɗaura zare a jikinsa, a banza. Ina zargin efoksin ya taru gefe ɗaya, don ban juya shi yana bushewa ba, gaggawa ta ci ni. In goge da sanfefa in sake, ko leɓen ne ya karkace?